Na Ce Wa Babana Shi Ma Ɗan Maye Ne, Ya Daina Yi Mini Magana

Assalamu alaikum Gwaggo. Shekarata 31, kafin yaƙi koyarwa nake yi a firamare. Mu mutanen Madani ne, a Sudan. Da garin ya faɗi a Disambar 2023 muka gudo Gadarif, kuma har yanzu muna ɗakuna biyu a gidan ƙanin Baba, don gidanmu na can ko ƙofa ba a bar masa ba. Autanmu ɗan shekara 24 shi ke tuƙa raksha, babur mai ƙafa uku na haya, da ita muke ci. Tun bara na gane yana shan tramadol, a aljihunsa na tsinci fankon katin ina wanki. In na yi magana sai ya ce don aiki yake sha, kowa a tasha yana sha, shi bai kai su wane ba, kuma duk ranar da ya ga dama zai bari. Wata biyu da suka wuce ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida yana jijjiga, bakinsa na kumfa. Baba ya ce iska ce ko sammu, ya karɓo rubutu, ya ce shi ɗansa ba ya shan komai.

Baba shekararsa 72, mutumin Inkaz ne, wato gwamnatin tsohon shugaban ƙasa Umar al-Bashir, tun farkonta, har gobe ba a isa a taɓa Bashir a gabansa ba. Babban yayanmu ya rasu a yaƙin Kudancin Sudan a 1997 cikin Difa'us Sha'abi, dakarun sa-kai na gwamnatin, ina da shekara uku, a hoto kawai na san shi. In na ce wa Baba su suka jefa mu cikin wannan hali sai ya ce sharrin maƙiya ne, waɗanda suka zo bayansu sun fi su ɓarna, kuma shi ba makaho ba ne, da ya ga laifi shi zai fara faɗa. Rannan ina sauraronsa sai na ji kamar ƙanena ne ke magana. Bakinsu ɗaya, Gwaggo. Makonni uku da suka wuce muna cin abincin dare raina ya ɓaci, na ce, "Baba kai ma fa ɗan maye ne, Bashir ne ƙwayarka, shi ya sa ba ka ganin ta ɗanka." A gaban ƙaninsa da matarsa na faɗa. Ya tsame hannu ya tashi. Tun daga ranar in na gaishe shi hannu kawai yake ɗaga mini. Ni na fita zanga-zangar adawa da Bashir a 2019, ban kuma yi da-na-sani ba. Shin ba gaskiya na faɗa ba? Ta yaya zan sa su biyun su buɗe ido?

'Yarki daga Gadarif

Wa alaikumus salam 'yata. Na rage wasiƙarki, na cire sunaye da unguwa, abin da ya saura maganarki ce. Sannu da ɗawainiya. Gudun hijira, cunkoso a gidan wani, ƙani a wannan hali, ga uba ya ɗauke miki wuta, duk a kan mutum ɗaya. Allah Ya kawo sauƙi.

Kunnenki bai yi miki ƙarya ba. Jera maganganun nasu ki gani. Ƙaninki ya ce bai kai su wane ba, Baba ya ce na baya sun fi ɓarna. Ƙaninki ya ce aiki ne ya sa shi, Baba ya ce maƙiya ne suka ja. Ƙaninki ya ce duk ranar da ya ga dama zai bari, Baba ya ce da ya ga laifi shi zai fara faɗa. Wannan ta ƙarshen ita ce uwar ɗakin sauran, domin tana ba mutum damar ya ci gaba da abin da yake yi alhali yana jin linzami na hannunsa. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Leon Festinger, ya yi wa abin bayani tun 1957: zuciya ba ta iya zama lafiya da magana biyu masu karo da juna, "ni mai hankali ne" da "ina riƙe da abin da ke cutar da ni". Misalin da ya kawo ma na mai shan taba ne da ya ji cewa tana kisa. Hanya biyu gare shi, ko ya yar da tabar, ko ya lallaɓa labarin har ya daina sukarsa, ya ce ai zuzutawa ake yi, ai ko ba taba ma mutuwa za a yi, ai in ya bari ƙiba zai yi ita ma cuta ce. Ta biyun ta fi araha, shi ya sa ta fi jama'a. Kuma ki lura, mai yin haka ba ƙarya yake shirya miki ba. Kansa ya fara shawo wa kafin ya zo gare ki.

A siyasa ma an gwada. A 2004, ana dab da zaɓen Bush da Kerry a Amurka, masu bincike a Jami'ar Emory sun sa riƙaƙƙun magoya baya 30, rabi na wannan rabi na wancan, cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suna nuna musu inda 'yan takarar suka yi tufka da warwara. Kowa ya hango ta abokin hamayya nan take, ta gwaninsa kuwa sai ya samo mata uzuri, kuma da uzurin ya samu sai sassan ƙwaƙwalwa masu alaƙa da samun sauƙi da jin daɗi suka motsa. Mutum 30 ba yawa ba ne, kada mu gina soro a kansu. Abin da nake so ki riƙe daga ciki shi ne ɓangarorin biyu duka suka yi, ba ɗaya ba. Zan dawo miki da wannan.

To amma kamar da kika gani tana da inda ta tsaya, kuma ke kin wuce wurin da gudu. Tramadol sinadari ne da ke shiga jini ya sauya yadda jiki ke aiki, in aka yanke shi jiki ya yi bore, in ya yi yawa ya kayar da mutum ko ya tsayar masa da numfashi. Ra'ayin Baba ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Dattijo ne mai ra'ayin da ba ki yarda da shi ba, ni ma akwai da yawa a ciki da ban yarda da su ba, amma haƙƙinsa ne. Ranar da muka fara kiran duk wanda ya saɓa mana mara lafiya, mun rufe ƙofar sauraronsa ke nan, don ba a muhawara da majinyaci, magani ake ɗura masa. Baba ya ji wannan a cikin maganarki. Kalmar "ɗan maye" a bakin 'ya, a kan akushi, a gidan da yake zaman alfarma, gaban ƙaninsa da matar ƙaninsa. Mutumin da ya rasa gidansa da garinsa da sana'arsa, girman da 'ya'yansa ke ba shi ne kaɗai ya fito da shi daga Madani.

Kuma akwai layi ɗaya a wasiƙarki da kika rubuta kika wuce kamar ba komai, ni kuwa a kansa na daɗe. Yayanku.

Ke ba ki ga waɗancan shekarun da idon hankali ba, ni na gani. A lokacin in yaro ya faɗi a Kudu ba zaman makoki ake yi ba, bikin shahidi ake yi. Na halarci ɗaya a unguwarmu. Manya suka zo da motoci, aka kafa rumfa, aka sa lasifika, ana kabbara ana ɗaga yatsa sama, ana cewa ango ya tare a Aljanna. Aka ce wa uwar ta yi guɗa. Ta yi, sau ɗaya, muryar ta karye a tsakiya. Ina kusa da ita tana raba dabino, farantin na kaɗawa a hannunta har 'ya'yan dabinon na zubewa ƙasa. Uban yana waje cikin farar jallabiya da rawani, ana rungumarsa ana yi masa barka, shi kuma yana amsawa. Ban san ko haka aka yi a gidanku ba, amma na san abin da aka ba iyaye irin Baba a madadin 'ya'yansu: an ba su ma'ana. An ce ɗanka bai tafi a banza ba. Shekara 14 bayan rasuwar yayanku, ranar 9 ga Yulin 2011, Kudun da aka ce ya mutu yana karewa ta zama ƙasa mai tutarta. Yanzu ki sa kanki a zuciyar Baba. In ya yarda cewa Inkaz ɓata ce tun daga tushe, jimla ta gaba da ke jiransa ita ce, "Ni na sa wa ɗana albarka ya tafi ya mutu saboda ɓata." Ke kina ganin Bashir yake karewa. Ni ina ganin kabarin da bai taɓa ziyarta ba yake gadi. Duk hujjar da kika kawo, komai ƙarfinta, a kan wannan kabarin take sauka.

Shi ya sa kuma batun autanku ya fi ƙarfinsa. Ya ba da ɗa ɗaya, ya rayu da cewa wancan shahidi ne. A ce masa na ƙarshen ɗan ƙwaya ne, a ƙarƙashin idonsa, da kuɗin da ake ciyar da shi? Iska da sammu sun fi masa sauƙin ɗauka, don su daga waje suke zuwa, kamar maƙiyan da yake ɗora wa laifin ƙasa. A nan kam kin gano daidai: ɗabi'a ɗaya ce ke aiki a wurare biyu.

Kin tambaye ni ko ba gaskiya kika faɗa ba. A kan siyasar, kina da hujjoji masu nauyi. A zamanin Bashir aka kafa Da'amus Sari, wato dakarun RSF, a 2013, majalisarsa ce ta yi musu doka a 2017, su ne kuma suka kore ku daga Madani. Kotu ta same shi da laifi a Disambar 2019 kan kuɗaɗen waje da aka samu a gidansa. Mu Hausawa ma ba mu manta 2008 ba, da wata jarida ta jingina masa maganar cewa mu ba 'yan ƙasa ba ne, Gadarif ɗin nan da Kasala da Bur Sudan suka ɗau zafi, fadarsa ta fito ta musanta. Sai dai Baba ma ba da hannu wofi yake zaune ba. A zamaninsu aka fara fitar da fetur a 1999, aka shimfiɗa tituna, aka buɗe jami'o'i a jihohi har da ta Gadarif, 'ya'yan talakawa da yawa suka shiga aji ta wannan ƙofa. Bayan tafiyarsu kuma hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin 100 a tsakiyar 2021, yana gani da idonsa a kasuwa. Takardar mulkin riƙon ƙwarya ta Agustan 2019 kuwa, Hamidti, shugaban Da'amus Sari, shi ne ya sa mata hannu a madadin sojoji, farar hula suka sa nasu kusa da nasa, aka yi ta murna a tituna. Wannan ya taɓa fitowa daga bakinki a gaban Baba? In bai taɓa ba, to gwada wa kanki abin da kike nema daga gare shi: ki lissafa kurakurai uku na ɓangarenki, da babbar murya, ba tare da kin liƙa musu "amma" ba. Za ki ji wani abu ya tokare miki maƙogwaro. Abin da ke tokare Baba ke nan, sai dai nasa ya shekara talatin yana kauri. Ni gidan Ansar na tashi, mabiya Mahdi, inda ba a kiran sunan Sayyid, jagoranmu, sai an sassauta murya, kuma sai da na yi furfura kafin na iya cewa "a nan ya yi kuskure" ba tare da na ji kamar na zagi kakana ba. Laifi tudu ne, 'yata.

Saboda haka abu na farko, ki je ki ba shi haƙuri, kuma kada ki bari a kai Juma'a biyu. Tunda a gaban ƙaninsa kika faɗa, a gaban ƙaninsa za ki janye. Ki durƙusa ki ce, "Baba na yi maka rashin kunya, ka yafe mini." Ki tsaya nan. Kada ki ƙara da "amma ai ka san gaskiya na faɗa", don wannan sabon zagi ne da rigar tuba. Ba ra'ayinki kike janyewa ba, kalmar da wurin da kika faɗe ta kike janyewa. Ki duba Suratu Maryam, daga aya ta 42 zuwa ta 45: Annabi Ibrahim yana magana da uban da ke bautar gumaka, saɓanin da ya fi naku nesa ba kusa ba, amma a kowace aya da "ya abati", wato "ya babana", ya buɗe maganarsa, sau huɗu a jere. In Baba bai sake ba a ranar, ki ci gaba da gaisuwa da kai masa ruwan alwala kamar ba abin da ya faru. Fushin uba a kan 'ya mace ba ya cika nisa in ba a yi ta hura shi ba.

Daga nan ki ajiye Bashir gefe. Bashir ba ya kwana a gidanku, ba shi ne ya faɗi a tsakar gida ba. Kin haɗa yaƙi biyu kina yi lokaci ɗaya, ɗaya na iya jira har abada, ɗayan kuwa ba zai jira ba.

Bari in gaya miki abin da ya sa hankalina ya tashi. Tramadol dangin su mofin ne. Iyakar abin da likita ke ba babban mutum a yini miligiram 400 ne, ƙwayoyin da ake fasa-ƙwaurinsu kuwa sau da yawa 225 ne a guda ɗaya, ke nan biyu kacal sun tsallake iyaka. Jijjiga irin wadda kika gani sanannen sakamakon yawansa ne, kuma wanda ya yi sau ɗaya yana iya sakewa, ba ta kuma sallama kafin ta zo. Yaron nan yini yake a kan titi da mata da yara a bayansa. Wannan shi ne abin gaggawa. Ki kuma san cewa "ka bari yau in ka isa" ba shawara ba ce. Wanda jikinsa ya saba, in ya yanke kwatsam zai sha zufa da ciwon gaɓoɓi da gudawa da rashin barci da firgici na kwanaki, sau da yawa cikin waɗannan kwanakin yake komawa, sai ya ƙara yarda cewa ba zai iya ba. Likitoci a hankali suke rage shi. In ya sake faɗuwa, ku kwantar da shi ta gefe, ku janye abin da zai buge, kada a tura masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu yana cikin halin. In ta wuce minti biyar, ko kuka ga numfashinsa ya yi ƙasa, ko ya ƙi farkawa, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne. Haɗa shi da ƙwayar barci ko giya shi ne mafi haɗari, ki san ko yana yi.

Yanzu ta yaya za a kai shi gaban likita alhali shi ya ce lafiyarsa ƙalau, uban ya ce iska ce? A nan nake so ki canja abin da kike nema. Kina so su buɗe ido, wato su furta da bakinsu cewa ke ce mai gaskiya. Ba kya buƙatar wannan. Ranar buɗe Makka, Abbas ya ce wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Abu Sufyan mutum ne mai son alfahari, a ba shi wani abu. Sai aka yi shela cewa wanda ya shiga gidan Abu Sufyan ya tsira. Mutumin da ya yi kusan shekara ashirin yana adawa, ba a tsayar da shi a bainar jama'a ya lissafa kurakuransa ba, aka ba shi ƙofar da zai shigo da rawaninsa a kansa. Ƙofar Baba ita ce faɗuwar nan. Ba sai ya ce ɗansa na shan ƙwaya ba. Abin da za ki roƙe shi, bayan kun shirya, shi ne, "Baba, faɗuwar nan ta hana ni barci, ka sa shi ya je likita ya duba shi, kai kaɗai yake jin maganarka." Ba ki yi ƙarya ba, kin kuma mayar masa da matsayinsa na mai ba da umarni a gidansa. Rubutun ma kada ki yaƙe shi, a ci gaba da sha. Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a Sudan, wanda asibitin Omdurman ke ɗauke da sunansa, an san shi da aiki kafaɗa da kafaɗa da malaman masidi, masu yi wa marasa lafiya rubutu da addu'a, maimakon ya kore su. Sharaɗi ɗaya ne ba sassauci a kansa: likitan dole ya ji gaskiya, me yake sha, guda nawa, tun yaushe. In ba haka ba zai yi ta maganin farfaɗiya a makance.

Shi kuma ƙanin naki, ki sauya salon. Wani likitan halayya, William Miller, da abokan aikinsa sun bi diddigin masu shan giya a 1993, suka ga cewa gwargwadon yadda mai ba da shawara ya yi ta ƙure mutum yana kafa masa hujja, gwargwadon yadda aka same shi yana shan da yawa bayan shekara guda. Dalilin a fili yake: in kin ɗauki ɓangaren "ka bari", kin bar masa ɓangaren "ba zan bari ba", ya yi ta maimaita shi har ya haddace. Ki same shi ku biyu, a lokacin da idonsa yake a washe, ba da dare ya dawo a gajiye ba. Ki tambaye shi me ƙwayar ke yi masa, ki saurara da gaske, don tana yi masa wani abu, in ba haka ba da bai saya ba. Wataƙila bayansa ne ke ciwo, wataƙila abin da ya gani a hanyar fitowa daga Madani ne ke hana shi barci. Sannan ki tambaye shi me take ci masa. Nawa ya fara da shi, nawa yake sha yanzu, nawa ne kuɗinta a wata, me ya ji da ya farka ya ga Inna a kansa tana kuka. Ki bar shi ya yi lissafin da bakinsa, ki yi shiru ko da shirun ya yi tsawo. Miller ɗin nan da Robert Meyers sun sake gwaji a 1999 da iyalai 130 masu ɗan'uwa da ya ƙi zuwa magani. Waɗanda aka koya wa irin wannan lallami, da yaba wa mutum a ranar da bai sha ba, da daina rufa masa asiri a ranar da ya sha, 64 cikin 100 sun samu nasu ya je. Waɗanda aka shirya su tara dangi su yi masa taron dangi, 30 cikin 100. A Amurka aka yi, kan giya kuma, amma ɗan Adam ɗin ɗaya ne. Don haka ban da tara masa kawunai da baffanni a zaure, ban da ɗaure shi, ban da fara kiran 'yan sanda.

Akwai wata magana mai ɗaci da sai na faɗa, don gidan gaba ɗaya ta shafa har da ke. Da raksha kuke ci. Ƙwayar ce ke ba shi ƙarfin yin sa'o'in da ke kawo abin da ake ɗorawa a wuta. Yaron ya san haka, shi ya sa "don aiki nake sha" ba uzuri ne zalla ba, akwai gaskiya a ciki. Muddin kuna cewa ya bari da baki, kuna kuma miƙa hannu da yamma kuna karɓar kuɗin yini cikakke, saƙo biyu kuke aika masa. Sai kun sauke masa wani ɓangare na kayan. Har likita ya ce ya koma tuƙi, a ba wani amintacce rakshar ya riƙa kawo kuɗin yini, ko da abin da zai shigo ya ragu. Ke malama ce, Gadarif cike take da yaran da karatunsu ya tsinke, ko biyar kika tara a inuwa iyayensu na ba ki ɗan abin da ya samu, ya rage wani abu. Ki zauna da ƙanin Baba ku yi wannan lissafin da alƙalami kafin a je asibiti, don kada ranar da aka ce yaro ya huta a rasa na cefane a mayar da shi titi.

Ba ki ce komai a kan Inna ba. Ina kyautata zaton ta riga ki sani, uwa ba ta rasa gane idon ɗanta. Ta rasa na fari, tana kallon na ƙarshe, tana tsakanin miji da 'ya da ba sa magana. Ki same ta a ɗaki ki tambaye ta me ta gani, kada ki gaya mata me ya kamata ta gani. Mai yiwuwa ita ce za ta faɗa wa Baba cikin dare, da kalma biyar, abin da ke kika kasa da hujja hamsin. In kuma duk da haka Baba ya ƙi, kada ki tsaya jiran izininsa a kan rai: ƙaninsa ko limamin da yake girmamawa su raka yaron, a sanar da shi cikin ladabi cewa an je duba faɗuwa. In yaron ne ya ƙi, ki daina ba shi kuɗi a hannu, ki daina ƙirƙira masa uzuri in ya kwana bai tashi ba, amma kada ki daina zuba masa abinci da yi masa magana. Kuma ko ya fara magani ya koma, kada ki ce an yi asara. Komawa na cikin tafiyar, sai dai ki gargaɗe shi cewa bayan hutu jiki ba ya ɗaukar adadin da, wanda ya koma kan tsohon adadinsa kai tsaye yana iya rasa ransa.

Siyasa kuwa ku yi mata iyaka, ba a kan akushi ba. In Baba ya taso da ita, "Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Baba" amsa ce cikakkiya. Zai yiwu ya koma ga Allah da ra'ayinsa yadda yake, kuma wannan ba gazawarki ba ce. In da rabon ya sassauta, ba a gaban mai jiran ya ce "kin yi gaskiya" zai yi ba. Abin da za ki iya yi, wata rana da la'asar bayan ƙura ta lafa, ki soya buna, wato 'ya'yan gahawa, ki haɗa masa jabana da citta yadda yake so, ki ɗauko hoton nan ki zauna kusa da shi ki ce, "Baba, ba ni labarin Yaya. Yaya muryarsa take? Me yake so ya zama?" Shekara da shekaru ana yi masa maganar shahidi, ban sani ba ko an taɓa tambayarsa labarin yaron. Kada ki sa ran komai daga hirar, kada kuma ki karkata ta zuwa inda kike so. In ya yi kuka ki bar shi ya yi.

Fankon katin da kika tsinta, in yana nan ki adana shi, in kin yar ki nemi wani. Ki sa a jakarki ranar zuwa asibiti, don lambar da ke jikinsa ita likita zai fara tambaya. Ki rubuto mini abin da ya ce.

Gwaggonki